Tsuntsun Dakta Tetteh

Akwai wani tsuntsu da ba a cika gani ba, ni na fara ganinsa kafin kowa a Tamale. Shekarar da Turawa suka tafi, Dakta Tetteh mai binciken dangin tsuntsaye ya zo nemansa. Ya ce in na kawo shi, sunana zai sa masa a littafi.

Ni da cutar agana ta kasa kashewa, tsuntsu zai gagare ni? Na kamo shi a ƙauyen Gbalahi, na kira Dakta gidana. Matata ta kawo tuwo da nama, ya cinye har ƙashi.

"To Imoru, ina tsuntsun?"

"Ka gama da shi, Dakta. Mu ba ma miƙa wa baƙo tsuntsu da gashinsa."

Butulun bai sa sunana ba. Mai musu ya zo unguwarmu Aboabo ya faɗa a gabana.