Haruffa Huɗu da Geron Shekara

Nalado, na ji abin da ka yi wa ɗalibar nan da ta kawo maka takarda ka sa hannu, wadda take so ta haɗa karatun kwamfuta da darussan noma. Wai ka ce mata taura biyu ba ta taunuwa, ka miƙa mata takardarta. Ni na koyar da kai tun ba ka yi mafarkin zama shugaban sashe ba, don haka ba zan ɓoye maka ba, raina ya ɓaci. Ajiye wayar nan ka ji wani misali.

An yi wani saurayi ɗan birni, mai kaifin ƙwaƙwalwa, ya shiga jami'a karatun kwamfuta. A shekararsa ta biyu ya roƙi a bar shi ya riƙa ɗaukar darasi ɗaya ko biyu a sashen noma, don manoma yake son yi wa aiki in ya gama. Malamansa suka kwashe da dariya, suka ce wanda aka ba na'ura me zai yi da fartanya. Ya haƙura. Ya fita da sakamako mai kyau, bai taɓa taka kunyar gona ba. Wata ƙungiyar manoma ta ɗauke shi ya gina mata hanyar saƙon waya: manomi ya aiko da matsalar gonarsa, na'ura ta miƙa wa malamin gona, malamin gona ya zo da magani. Aiki ya yi kyau, ban tauye masa ba. Sai ya nemi gajeriyar kalma da sabon mutum zai aiko don ya fara amfani da tsarin, ya zaɓi FARA. Wannan kalma ɗaya ya ce na'ura ta amsa da kanta, kada ta dami malamin gona da ita.

Damina ta yi albarka a shekarar. Gero ya fid da kai, ya soma ido, saura makonni kaɗan a yanka. Ran nan da la'asar wani dattijo mai gona a can bakin iyaka ya ɗaga kai ya ga sama ta yi duhu ba hadari, kafin ya gama salati fara ta sauka masa a gero. Rubutun boko bai zauna masa ba, sai ya lalubi haruffa huɗu ya aika: FARA. Nan take amsa ta dawo: "Barka da zuwa! An yi maka rajista. Allah ya ba da damina mai albarka." Ya sake aikawa, aka ce masa ai ya riga ya yi rajista. Ya ruga ya gaya wa maƙwabta, kowa ya ɗauko waya ya aika da kalmar da duk manomi ya san ba ta bukatar ƙarin bayani, kowa aka yi masa barka da zuwa. Can a ofis kuwa saurayi yana kallon allo, sunaye suna ta hauhawa, mutum ɗari uku cikin kwana biyu. Shi fara a soye kawai ya san ta, da yaji, a bakin tasha. Murna ta kama shi, har ya rubuta wa shugabannin ƙungiya cewa manoma sun waye, sun rungumi zamani. Maganin feshi yana jibge a ɗakin ajiya, malamin gona yana zaune a ofishin da ke kusa da nasa ba abin yi, kuma tafiya zuwa gonakin ba ta wuce ta rabin yini ba.

A rana ta uku dattijon ya hau babur ya zo da kansa. Bai yi faɗa ba. Ya zaro zangarniyar gero guda daga aljihu, ba ƙwaya ko ɗaya a jikinta, ya ɗora a kan na'urar. Ya ce, "Ɗana, kwana uku ina kururuwa, kana ce mini barka da zuwa." Saurayi ya koma ya bi aikinsa layi-layi yana neman kuskure, bai samu ba. Na'ura ta yi daidai abin da aka umarce ta. Ya kifa kai a kan tebur ya yi kuka, kukan da ba zai mayar da gero a rumbu ba.

Ni ban ga laifin saurayin nan ba, shi ya ƙwanƙwasa ƙofa aka rufe masa. Haushina yana kan masu dariyar nan, waɗanda suka ɗauka iliminsu kaɗai ya isa ya ciyar da gari. A makon farko na darasin noma ake lissafa wa ɗalibi abokan gaban gero, da tsutsa, da tsuntsun jan baki, da fara. Mako guda, Nalado! Da ya zauna a ajin nan, da hannunsa bai yarda ya rubuta wannan kalma a wannan wuri ba. Su suna can suna alfaharin sun yaye gwani, ƙauyuka kuwa suka kwana da rumbu wayam har wata damina. Kwamfuta hannu ce mai ƙarfi, ban musa ba, amma tun kafin a ƙera ta Bahaushe ya gama magana: hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.