Waƙar da Ta Yage a Tsakiya

"Ku matsa min daga nan, kun tare min ciniki!" na ce musu.

Ɗalibai ne suka zo tashar motar da nake sayar da gyaɗa, da lasifika, wai za su karanta wa matafiya waƙoƙi. Wata huɗu ke nan da rasuwar maigidana, ba ni da zuciyar sauraron kowa.

"Yi haƙuri, Mama, saura ɗaya," in ji wata doguwar yarinya.

Ta warware wata takarda duk maiƙo, ta fara karantawa. Waƙar wani ce ga matarsa mai karyayyen haƙori, wadda ke rufe baki in za ta yi dariya. Ya ce shekara ashirin yana jiran ta zauna ta saurare shi, kullum sai ta ce, "Bari in gama aiki."

Na ji harshena ya taɓa haƙorina.

Yarinyar ta tsaya. "Nan ta yage. A ƙunshin gyaɗa na tsince ta, ban san mai ita ba."

Wani direba ya ce, "Kai! Wane mara imani ne ya yi wannan aika-aika?"

Ni ce. Tun maigidana yana raye nake yagar littafin waƙoƙinsa ina ƙunshi, yana kallo, bai taɓa hana ni ba. Na leƙa ƙarƙashin tirena. Shafi uku suka rage.

Direban ya juyo. "Mama, a ƙunsa min gyaɗa."

"Babu takarda," na ce. "Tara hannunka."