Ƙwallo a Zauren Kansila

Shekarar da soja suka miƙa mulki ina aji biyar, ni ne mai tsaron gida na makarantarmu. Ƙwallo ɗaya gare mu, shi ma baduku ya ɗinke shi har ya ce kada a ƙara kawo masa.

Wata rana bayan la'asar malaminmu na wasanni ya ce in ɗauko shi, muka taka tun daga Ƙofar Guga har gidan sabon kansila. Zaure ya cika da 'yan taya murna. Bayan doguwar gaisuwa, Malam ya ajiye ƙwallon a gaban kansila, yana ta warin tsohuwar fata.

Kansila ya ce, "Malam, ai sai a rubuto takarda."

Malam ya ce, "Ranka shi daɗe, soja muke rubuta wa takarda. Kai kuwa cikin rana muka yi layi muka zaɓe ka."

Malam ya tanƙwashe ƙafa, ya dube ni. "Zauna, yaro. Ba sauri muke ba."

Kafin magariba aka aika kasuwa a sayo mana sabon ƙwallo.

Yau ni ke yawon nema wa yaran unguwarmu riguna da takalman ƙwallo. Duk ofishin da aka ce in rubuto, kujera nake fara nema.