Ɓarin Da Ya Ce Ya Tafi

Tun da hawan jini ya shanye wa Malama ɓarin jikinta na hagu, ba ta yarda Injiniya, mai neman aurenta, ya ganta ba sai yau. Yau ɗin ma don ta sallame shi ne.

Ta zaci da fuskar tausayi zai shigo falon. Sai ga shi ya jawo kujera yana jero tambayoyi kamar ɗan ajinta.

"Me likita ya ce?"

"Jini ne ya daskare, ya toshe wata jijiya a ƙwaƙwalwa."

"Hannun zai tashi?"

"Da magani da motsa jiki, wataƙila. Shi ya sa na ce ka nemi wata. Rabin mace za ka aura?"

Ya dubi hannun da ke kwance a cinyarta. Ita kuma ta tsare shi da ido, tana son sanin me yake saƙawa.

"To wane ɓarin ne ya ce in tafi, Malama? Dama ko hagu?"

Dariya ta suɓuce mata a karkace, ba ta kuma rufe bakin ba.

"Hagu," ta ce a hankali. "Shi kuwa kwanan nan ba da yawuna yake komai ba."