Tsatsar Fijon Kabo

Badaru mai walda ya soka ƙusa a ƙarfen ƙasan motar, sai wurin ya burma kamar tsohuwar ƙwarya. Tsatsa ta cinye ƙarfen da ke ɗauke da kujerar baya.

Ƙaninsa Kabo ya sunkuyo. "Yaya, za ta gyaru?"

"Za ta gyaru. Ka dawo ran Juma'a."

Tsohuwar Fijo ce Kabo ya sayo a Kano da ribar gyaɗa. Tun daga ranar, duk garin Gaya ba a zancen kowa sai Kabo. Shi kuwa Badaru da ya raine shi, ko keke ba shi da shi.

Ya san aikin sarai: a yanke ruɓaɓɓen, a yi waldar sabon ƙarfe mai kauri. Ya ɗauko ƙarfen, ya jujjuya shi, ya mayar. Sai ya yanko gwangwanin kananzir ya liƙa, ya shafe da kwalta. A ransa ya ce, ta karye masa a ramukan hanyar Ajingi, a ga ƙarshen taƙama.

Ran Juma'a Kabo ya zo da mutanen gida, ya danƙa masa makulli.

"Yaya, taka ce. Dominka na sayo ta. Kunyar ba ka ita a ruɓe nake ji, shi ya sa na yi shiru."

Badaru ya juya ya dubi motar. Yaransa har sun ɗare kujerar baya suna tsalle, mahaifiyarsa tana gyara zama a tsakiyarsu.

"Tayar mana," in ji tsohuwar. "Ajingi za ka fara kai ni, dangi su ga zumunci."