Hoton Sha'ibu a Bango

Da aka haska hotonsa a bangon ɗakin taro, Sha'ibu ya riga kowa tafawa.

Ba ya jin Faransanci, amma ya san abin da ya kawo baƙin nan daga Yamai zuwa Madawa: jarin shekara goma za su zuba a kamfaninsa na ajiyar albasa. Ƙanensa Munir ke yi musu bayani. Shanu huɗu Sha'ibu ya sayar don Munir ya karanto yadda kamfani ke samun jari.

Munir ya nuna hoton, ya faɗi wata magana. Baƙin suka yi dariya, Sha'ibu ma ya taya su. Aka miƙo takarda, ya dangwala yatsa.

Da aka fito, ya tare direban baƙin, wanda ya saurari komai daga bakin ƙofa.

"Ɗan'uwa, mi yaron ga ya ce bisa kaina?"

Direban ya sunkuyar da kai. "Alhaji, sun tambaye shi babbar matsalar kamfanin."

"To, mi ya ce musu?"

"Ya nuna hotonka. Ya ce kana dangwala yatsa, an rabu da ita."

Sha'ibu ya dubi babban yatsansa. Tawadar ko bushewa ba ta yi ba.