Raɗa a Kunnen Malam

Tun da hantsi layi ya kai gindin tsamiya. Ɗaya bayan ɗaya magidantan Unguwar Ɗinya ke shiga zauren mai unguwa, su durƙusa, su raɗa suna a kunnen Malam Tayyib. Shi kuma ya rubuta a guntuwar takarda, ya ninke, ya miƙa wa mai ita ya jefa cikin tulu da hannunsa.

Dabarar dattawa ce. Sau uku a damina ɗaya 'yan bindiga suka shigo wannan ƙauye na yamma da Wagini, kuma kowane zuwa kai tsaye suke nufar gidan da aka sayar da sa ko aka cika rumbu. To, ai da ɗan gari akan ci gari. Jami'an tsaro kuwa sai an watse daga jana'iza suke isowa. Shi ne aka yanke shawara: kowane magidanci ya faɗi wanda yake zargi da kai rahoto daji, wanda sunansa ya fi fitowa a damƙa shi ga 'yan sa-kai. Aka rantsar da kowa da Alƙur'ani cewa ko matarsa ba zai gaya wa sunan da ya bayar ba, don kada gaba ta bi jikoki.

Magidanta hamsin ne. Tara daga cikinsu sun iya riƙe alƙalami, boko ko ajami, suka rubuta nasu da kansu. Sauran sai kunnen Malam.

Ba wanda ya yi musu da aka zaɓe shi. Shekara ashirin yana koyarwa a firamaren garin, ba a taɓa kama shi da ƙarya ba. Ga shi kuma wata huɗu ke nan 'yarsa Nazifa tana hannun mutanen daji, yarinya mai ciwon sikila. Har yanzu duk ranar kasuwar Batsari sai ya sayo maganinta, mutane na cewa wayyo, baƙin ciki ya fara taɓa bawan Allah.

"Wanda aka ɗauke wa 'ya ba zai rufa wa infoma asiri ba," in ji mai unguwa.

A waje Jinjiri ɗan acaɓa na zaune kan babur ɗinsa yana ɓarar gyaɗa, yana tsokanar masu layi. Ƙato ne, sunan ne kawai na jarirai. Da yake tuzuru ne, ba shi da takardar jefawa.

Na kusa da ƙarshe Usaini mai burodi ne. Bara waccan ya gudo daga wajen Tsaskiya da matarsa Lami da 'ya'ya biyu, bayan an ƙone ƙauyensu. Ba shi da dangi a nan, ko na nesa. Ya durƙusa, ya raɗa, ya karɓi takardarsa hannu bibbiyu.

"Allah ya sa ban ɗauki alhakin kowa ba, Malam."

"Amin," in ji Malam Tayyib, bai ɗago kai ba. Gumi ya jiƙa masa riga sharkaf, alhali zauren da sanyinsa.

Bayan azahar aka juye tulun kan tabarma a gaban jama'a. Liman na warwarewa yana karantawa, mai unguwa na aje tsakuwa. Jinjiri, tara. Usaini, arba'in da ɗaya.

Kowa ya sunkuyar da kai, ba mai kallon na kusa da shi. Can wani ya ce ai dama an ce mutanen daji ba sa rabo da burodi. Wani ya ce baƙo ne, wa ya san asalinsa? Kafin ka ce me, magana ta zauna daram kamar an daɗe da saninta.

"Ni?" Usaini ya miƙe. "Ni da suka kashe mini uba? Malam, kai ka san ni! Kai ke koya wa 'ya'yana karatu, ka faɗa musu!"

Malam Tayyib ya san shi kuwa. Ya san mutumin nan ko kazar wani bai taɓa kora ba. Kalma ɗaya daga bakinsa za ta iya tsayar da komai.

"Malam, kana da magana?" mai unguwa ya tambaya.

"Ni rubutu aka sa ni," ya ce.

'Yan sa-kai suka ɗaure Usaini da igiyar shanu, suka yi bayan dutse da shi. Lami ta bi su tana faɗuwa tana tashi har mata suka riƙe ta. Da ƙarar bindiga ta zo, guda ɗaya ce. Malam na cikin sallar la'asar a lokacin, ya rasa raka'a ta nawa yake. Ranar ko ruwa bai iya haɗiya ba. Ya tsani hannunsa, ya tsani garin, ya tsani ranar da ya koyi rubutu.

Washegari da safe ya zagaya bayan makaranta, inda dawa ta yi tsawo ta rufe hanya. Babur na jiransa a can.

"Kawo maganin, Malam, yau zan shiga," in ji Jinjiri, yana murmushi. "Jikin Nazifa da sauƙi. Ka dai san in babu ni, ba mai kai mata."

Malam Tayyib ya miƙa ƙullin, ya tsaya yana kallo har babur ya shige daji. Mutum arba'in da ɗaya suka raɗa masa suna jiya, har da Usaini kansa, kuma dukansu Jinjiri suka ce.